Garejin da ya gano cutar babur mai tashi yau, ya ƙi gobe: abin da na gani a Tahoua

A cikin matsalolin babur babu wadda ta kai ta ƙin tashi jefi-jefi cin kuɗi da ɓata rai. Babur da ya mutu murus, kowane mai gyara yana iya bin sa sannu a hankali har ya kai ga inda cutar take, domin cutar tana zaune tana jiran sa. Amma wanda yake tashi da safe, ya ƙi da azahar, ya sake tashi da la'asar kamar babu abin da ya faru, shi ne yake rarrabe ƙwararren mai gyara da mai canje-canjen kaya. Wannan sharhi ne a kan wani ƙaramin gareji da ke gefen hanyar fita daga Tahoua zuwa Ƙonni, wanda ba shi da allo ko suna a rubuce, wani dattijo ne yake riƙe da shi tare da yaransa masu koyon aiki. Ra'ayina a kansa shi ne, ga irin wannan cuta mai ɓuya ban ga inda ya kama ƙafarsa ba a wuraren da na gwada cikin garin nan, ko da yake yana da nakasu waɗanda ya kamata mutum ya san su kafin ya tura baburinsa can.

Baburin da na kai masa nawa ne, ƙirar ƙasar Sin mai inji 125, irin wanda ya cika titunan Tahoua, mai kabureta, mai tashi da demarer, wato na'urar da ke juya inji in an danna maɓalli, da kuma kik. Aikina yana kai ni ƙauyukan da ke kewaye da gari, wajen Kalfu da Bambey, a kan hanyoyin da tsakuwa da yashi da gargada suka yi wa yawa, kuma duk wanda ya san waɗannan hanyoyi ya san cewa babur da ba a amince da tashinsa ba ya fi babur marar birki hana mutum sukuni, domin ba ka da ikon kashe shi a inda babu mai gyara. Cutar baburina iri biyu take zuwa. Wani lokaci in an danna maɓallin tayarwa sai a ji ƙas sau ɗaya daga ƙarƙashin kujera, ko kuma injin ya juya da nauyi kamar batir ya ƙare. Wani lokaci kuma ba a jin komai sam, kuma ko an koma ga kik an yi ta bugawa har gumi ya jiƙa riga, injin yana juyawa amma ba ya kamawa. Can bayan an tura shi ƴan taku, ko an bar shi an dawo, sai ya tashi a dannawar farko.

Kafin in isa wannan gareji, baburin ya ratsa hannun wasu masu gyara, kuma kowannensu ya yi abin da aka saba yi. An canja buji, wato abin da ke ba da tartsatsin wuta cikin inji, an wanke kabureta, an sa sabon batir, har an kawo shawarar a canja akwatin CDI, wanda ke tura wa buji wuta a daidai lokacinta. Ba na zargin kowa da ha'inci, domin kowane ɗaya daga cikinsu ya tayar da baburin a gabana bayan ya gama, kuma ya tashi. Matsalar ita ce tashin nan ba shaida ba ce, tun da baburin yana tashi a mafi yawan lokuta ko ba a taɓa shi ba. Ya yi kama da yaron da zazzaɓinsa ke sauka da zarar an iso ƙofar likita, a ba shi magani a kan zato, dare ya yi jikin ya sake ɗaukar zafi. Ta wannan hanya mai babur yake sayen kayan da bai buƙata ɗaya bayan ɗaya, kuma tun lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya a 2023 kayan gyara suka yi tsada a nan, kowane canji na banza yana da zafi a aljihu.

Abu na farko da ya bambanta wannan wuri shi ne maigidan bai taɓa baburin ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Ya ce: "Malam, in ka danna ya ƙi, mi kake ji? Shiru ne, ko ƙas, ko kuwa yana juyawa bai kamawa?" Da na ce masa duka ukun suna faruwa, sai ya ce to lalle ba cuta ɗaya ba ce, kuma kada in yi tsammanin abu guda zai warkar da su. Ya tambayi ko abin ya fi faruwa da sanyin safiya ko bayan doguwar tafiya, ko yana da alaƙa da wanki ko ruwan sama, ko oda tana kuka a lokacin da ya ƙi tashi, ko koriyar fitilar nan da ke nuna babur ba ya cikin giya tana kamawa, da kuma inda nake shan mai. Wasu tambayoyin na amsa su nan take, wasu kuma ya ce in lura da su in abin ya sake faruwa. Na ce masa: "Baba, ai na ɗauka buji ko batir ne." Ya amsa da cewa buji da batir su ne aka fi ɗora wa laifi saboda su ne suka fi sauƙin cirewa.

Ya kamata a tsaya a kan wannan rarrabewa da ya yi, domin ita ce ginshiƙin aikin duka. Idan injin ba ya juyawa, laifin yana kan hanyar da wuta ke bi daga batir zuwa demarer: batir ɗin kansa, bakunansa, fiyus, makunni, maɓallin tayarwa, rele (makunnin da ke sakar wa demarer wutar batir in an danna maɓalli), manyan wayoyi, wayar mas da ke maida wuta ta jikin ƙarfe, ko sharbon, wato ɗan gawayin da ke kai wuta cikin demarer, idan ya cinye. A wasu babura akwai ƙananan makunnai a hannun kuloci ko a jikin ƙafar jingina, waɗanda ke hana tashi idan ƙura ta cika su. Idan kuwa injin yana juyawa da ƙarfinsa amma ba ya kamawa, to demarer ya fita daga zargi, sai a koma ga abubuwan da inji yake buƙata kafin ya kama: tartsatsin wuta a bakin buji a daidai lokacinsa, mai da iska gwargwadon juna, da matsi a cikin silinda. Mai gyaran da bai fara da wannan tambaya ba zai iya kwance kabureta alhali cutar tana bakin batir, kuma hakan ne yake faruwa kullum a gefen titunanmu.

Daga nan ya ɗauko mitar awon wuta, ƙarama, wadda ta sha jiki har lambobin jikinta sun fara gogewa. Ita ce kayan aikin da ban gani a hannun sauran ba, su da suke gwada batir ta hanyar goga waya su ga ko za ta yi tartsatsi. Ya auna batir ɗin babur yana kashe, ya sami bolt 12.6, wanda shi ne abin da ake tsammani daga batir mai bolt 12 da ya cika; wanda ya sauka zuwa 12.0 ko ƙasa da haka ya kusa zama fanko. Bai tsaya nan ba, domin batir da ya tsufa yana iya nuna lamba mai kyau yana hutawa, ya durƙushe da zarar an ɗora masa kaya. Ya sa yaro ya danna maɓalli yana kallon mitar, wutar ta sauka zuwa sama da bolt 10 kaɗan ta tsaya, kuma muddin ba ta faɗi ƙasa da 9.5 ba ana ɗaukar batir a matsayin mai lafiya. Sannan ya tayar da injin, ya ƙara masa wuta, mitar ta hau zuwa wajen 14, wato tana cikin tazarar 13.5 zuwa 14.5 da ke nuna na'urar caji tana aikinta. A cikin ɗan lokaci kaɗan ya wanke batir da caji daga zargi da lambobin da ni ma na gani da idona. Ya ƙara da cewa zafin watannin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40 a Tahoua, yana ƙafar da ruwan batir, don haka ya kamata a riƙa duba shi ana ƙara masa tataccen ruwa, ba ruwan pampo ba kuma ba asid ba.

Awon da ya biyo baya shi ne ya fi burge ni, domin ban taɓa ganin an yi shi ba. Ya ɗora waya ɗaya ta mitar a bakin batir na mas, ɗayar kuma a jikin injin, ya ce a danna. A ƙa'ida waɗannan wurare biyu kamar wuri ɗaya ne, tun da waya mai kauri ce ta haɗa su, saboda haka bai kamata mitar ta nuna fiye da ɗan abin da bai kai rabin bolt ba. Ta nuna fiye da bolt ɗaya, kuma lambar tana rawa idan ya motsa wayar da yatsa. Da ya kwance notin da ya ɗaure wayar mas, sai ga tsatsa da wani farin gari a ƙarƙashinsa, kan wayar kuma ya saki har wasu silolin jan ƙarfen sun rabu da shi. Bayaninsa a taƙaice yake kuma daidai ne: fitila da oda wuta kaɗan suke ci, don haka suna iya wucewa ta mummunan haɗi ba a lura ba, amma demarer yana jan wuta mai yawa a lokaci guda, kuma haɗin da ya yi tsatsa ba ya iya ɗaukar ta. Rele yana yin ƙas domin shi ya sami abin da ya ishe shi, demarer kuwa bai samu ba. Girgizar hanya da zafin inji suna sa haɗin ya matse yau ya saki gobe, shi ya sa cutar take zuwa tana tafiya.

A nan ne mafi yawan masu gyara za su goge hannu su karɓi kuɗinsu, kuma da ya yi haka da ban ga laifinsa ba a ranar, tun da ya nuna mini cuta ta gaske. Amma ya ce wannan ta bayyana ƙas da nauyin juyawa kawai, ba ta bayyana ranakun da komai ke yin shiru har kik ya kasa tayar da babur ba. Ya duba akwatin CDI ya ce irin wanda yake shan wuta daga batir ta hanyar makunni ne. Akwai iri biyu a waɗannan babura: wani yana samun wutarsa kai tsaye daga naɗaɗɗun wayoyin da ke cikin inji, irin wannan yana tashi da kik ko da an cire batir gaba ɗaya, wani kuma sai wutar batir ta ratsa fiyus da makunni ta iso gare shi kafin buji ya ba da tartsatsi. Tun da nawa na biyun ne, duk abin da ya yanke wuta tsakanin makunni da sauran jiki zai kashe maɓallin tayarwa da tartsatsin buji a lokaci guda, wanda shi ne ainihin abin da nake gani. Da wannan tunani ya taƙaita wurin bincike daga babur sukutum zuwa wayoyi ƙalilan.

Duk da haka bai tsallake ɓangaren mai ba, sai dai bai daɗe a kansa ba. Ya kwance ƙaramar kusar da ke gindin kabureta ya tsiyaye man cikin kwalba mai haske, ya ɗaga ta sama ya duba ko ruwa ya kwanta a ƙasa ko akwai laka, kasancewar man bakin hanya da ake sayarwa a kwalabe yakan zo da ƙura, wani lokaci da ruwa. Man ya fito tsaf, saboda haka bai buɗe kabureta ba. Ya busa ƙaramar kafar iska ta murfin tanki, wadda in ta toshe mai yake daina sauka bayan an yi ƴar tafiya. Ya cire buji ya ga bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa, ba baƙi ba kuma ba fari fat ba, ya auna tazararsa ta faɗa tsakanin milimita 0.6 da 0.7 kamar yadda ake so, ya maida shi. Supap, wato bawul, na fitar hayaƙi ya ɗan matse, ya sassauta shi da injin yana sanyi, ya kuma faɗa mini a fili cewa wannan gyara ne na kiyaye gaba, kada in ɗauka shi ne maganin abin da ya kawo ni.

Wahalar ita ce baburin ya ƙi yin cutarsa a gabansa. Ya ce in bar shi a garejin, kuma wannan ne wurin da haƙurin mai babur yake shiga gwaji, musamman ɗan kabu-kabu da abincin gidansa yake fitowa daga kowace fita. Abin da ya yi da shi a wannan lokaci shi ne ya bar makunni a buɗe, ya maƙala ƙaramin ƙwan fitila a wayar da ke kai wuta ga CDI, ya bi damin wayoyin yana lanƙwasa su gaɓa-gaɓa yana kallon ƙwan. Da na dawo, kafin ya nuna mini komai sai ya sake yin tambaya: in na ajiye babur a kasuwa ko a masallaci, ina kulle kansa? Na ce ƙwarai, ba na barin sa a waje ban karya kan zuwa hagu na kulle ba, a gida ne kawai nake barin sa a miƙe. Sai ya kama kan baburin ya juya shi hagu har ƙarshe, ƙwan ya mutu. Ya dawo da shi tsakiya, ƙwan bai kama ba sai da ya ɗan girgiza shi. Ya maimaita a gabana har na gamsu cewa ba dace ba ne.

Wayar da ke fitowa daga makunni ce ta karye a cikin robarta, daidai wuyan babur, inda damin wayoyi yake lanƙwashewa duk lokacin da aka juya kai. Daga waje robar lafiya lau take, babu yanka babu ƙuna, sai da ya ja ta a hankali ta miƙe kamar danƙo a wuri ɗaya, alamar babu ƙarfe a ciki. Da ya tsaga ta, silolin jan ƙarfen duk sun tsinke, bakunansu suna taɓa juna ne kawai. Dalilin karyewar a bayyane yake: an taɓa ɗaure damin wayoyin tamau a jikin ƙarfe ba a bar masa sarari ba, ga zafin rana da ke busar da roba ta yi tauri, ga gargadar hanya. Wannan waya ɗaya ta warware duk abin da ya rikita ni. Baburin yana tashi a gida da safe domin kansa a miƙe ya kwana. Yana ƙi a kasuwa domin kulle kai ya raba bakunan wayar. Yana dawowa in an tura shi domin girgiza ta sake haɗa su. Ba ya mutuwa a kan tafiya domin mai tuƙi ba ya karya kai har ƙarshe yana gudu. Koriyar fitilar da za ta tona asirin tun farko kuwa, a hasken ranar Tahoua da kyar ake ganin ko tana kunne ko tana kashe.

Yadda ya yi gyaran ma abin a yaba ne. Abin da aka saba gani shi ne a murɗa bakunan waya biyu da yatsa a naɗe da salatif, wanda zafi ke narkar da danƙonsa cikin ƴan watanni. Shi kuwa ya cire tsawon wayar da ke ratsa wuyan gaba ɗaya, ya sa sabuwa mai kauri ɗaya da ta asali, ya yi haɗin da dalma a wurare biyu da ba sa motsi, nesa da inda ake lanƙwasawa, domin haɗin dalma yana da tauri kuma yana karyewa in aka sa shi a wurin da ke rawa. Ya duba sauran wayoyin da ke cikin damin ɗaya bayan ɗaya, ya zura su cikin tiyon roba, ya bar musu sarari yadda kai zai juya dama da hagu ba tare da ya ja su ba. Wayar mas kuma ya sa mata sabon kai, ya goge mazauninta da samfefa har ƙarfen ya yi haske, ya ɗaure, ya shafa giris a sama don kada damina ta maido da tsatsa. Bayan ya gama ya sake yin awon nan na tsakanin batir da inji a gabana, lambar ta sauko ƙasa sosai ta tsaya cik. Ya bar injin yana aiki yana juya kai iyakar juyawarsa, ya sa yaro ya zagaya da shi har ya yi zafi, aka kashe aka sake tayarwa.

Game da kuɗi, kayan da aka saya ba su taka kara sun karya ba: guntun waya, kan waya, tiyo da dalma. Kuɗin hannunsa jikka 4 ya ce, wato sefa dubu huɗu, kuma ya faɗa mini tun kafin ya fara cewa yana karɓar ladan bincike ko da abin da aka gano ƙarami ne. Na san akwai waɗanda za su ga wannan da yawa a kan waya ɗaya, domin mun saba auna aikin mai gyara da girman abin da ya cire ya jefar. Ni ban ga yawansa ba, ganin cewa bai kai kuɗin batir ɗin da aka sa mini ba tare da buƙata ba, balle akwatin CDI da aka so in saya. Ya kuma ce in cutar ta dawo in maido masa ba zai karɓi komai ba, sai dai alkawarin na baki ne, babu takarda, babu rasiɗi, kuma ga wanda baburin na wurin aiki ne da ake neman shaidar kashe kuɗi, wannan matsala ce ta gaske.

Nakasun wurin na farko shi ne jira. Maigidan shi kaɗai ne yake riƙe mitar, yaran ba su kai ga yin wannan bincike ba, saboda haka duk babur mai cutar wuta sai ya bi layinsa. Ranar Lahadi, da kasuwar Tahoua ke ci, mutanen ƙauye suna cika wurin tun da hantsi, kuma wanda ya zo a ranar da irin tawa matsala ba zai sami natsuwar da aikin yake buƙata ba. Rumfar ƙarama ce, inuwarta ta babura ce da masu aiki, mai jira yana kan benci ɗaya da rana ke cimmasa kafin azahar. Ba ya faɗin ranar da aiki zai ƙare, cewa yake sai ya gani, wanda gaskiya ce daga ɓangarensa amma tana da wuya ga mai shirin tafiya. Kuma ba mai yawan magana ba ne: duk bayanin da na kawo a sama sai da na tambaya na same shi, wanda ya yi shiru zai karɓi baburinsa a gyare bai san abin da aka yi masa ba.

Na biyu ya fi damuna, domin ya shafi lafiyar mutane. Na ga wani yaro yana gwada tartsatsin buji a jikin injin wani babur alhali tiyon mai yana ɗiga kusa da hannunsa, ga kwanon fetur na wankin kaya a buɗe a gefe, kuma ban ga abin kashe gobara ko bokitin yashi a wurin ba. Baƙin mai da aka juye daga injuna yana malala a ƙasa, tsofaffin batura suna jibge a kusurwa inda ƙananan yara masu tallar ruwa suke wucewa. Hannun yaran ma bai kai na maigidansu tsabta ba: murfin gefe na baburina ya dawo da ƙarcewa, kuma ɗaya daga cikin kusoshinsa ba nasa ba ne. Garejin ba ya ajiye kayan gyara, yaro ake aikawa kasuwa ya sayo, kuma tun da kayan da ke shigowa suna da daraja hawa-hawa a cikin kwali iri ɗaya, ya fi kyau mai babur ya bi yaron ko ya ce maigidan ya duba abin da aka kawo kafin a ɗaura. Da na yi masa maganar fetur da tartsatsin, ya tsawata wa yaron nan take, amma tsawa ɗaya ba ta isa ta gyara tsarin wuri ba.

Tun bayan gyaran baburin ya ratsa ƙurar hunturu, ya ratsa zafin bazara, ya shiga damina, ina kulle kansa a duk inda na tsaya kamar yadda na saba, kuma ko sau ɗaya bai ƙi tashi ba. Wannan tsawon lokaci ne ya sa na yarda in rubuta, domin a irin wannan cuta tashin rana ɗaya ba ya tabbatar da komai. Ga mai neman canjin mai, ɗaurin sarƙa ko facin taya, babu dalilin bin wannan layi, akwai masu yi da sauri a kowace unguwa. Ga wanda baburinsa yake masa wasan ɓuya, an canja masa kaya biyu ko uku abin bai daina ba, ina ba shi shawarar ya je, a ranar da ba ta kasuwa ba, da shirin barin baburin ya kwana. Kafin ya je, ya lura da abubuwan da za a tambaye shi: ko injin yana juyawa ko shiru ne, ko oda tana kuka a lokacin, ko da sanyi ne ko da zafi, da yadda aka ajiye baburin kafin ya ƙi. Idan tsofaffin kayan da aka cire masa suna nan, ya tafi da su, domin maigidan yana auna su da mitarsa, kuma tsohon batir ɗina da na kai masa daga baya ya tarar da sauran ƙarfinsa, yanzu haka yana kan baburin ƙanena.